Ɗan Majemi a Gaban Kyamara

Babana majemi ne.
In fatar jar akuya ta zo hannunsa
ba ya tambayar mai ita komai.
Ɗaga ta yake yi tsakaninsa da rana,
ya ce: nan ƙaya ta karta, nan kaska ta kwana,
nan wuƙar mahauci ta yi gaggawa.
Lamba ɗaya. Lamba biyu. Wannan a kai wa masu guga.

Tawa fatar kuwa ban taɓa ɗaga wa kowa ba.
Shekara uku ina kabu-kabu
daga Bagalam zuwa Zariya, daga tasha zuwa bakin gulbi,
madubin babur na karkatar da shi sama,
gara ya kalli shirwa.
Na shafa toka. Na shafa lemun tsami.
Na shafa wani mai da aka kawo daga Jibiya
wanda ya ci mini jaka biyu da fatar goshi.
Kowace safiya yatsana ke yanke hukunci,
kuma yatsa alƙali ne mai fushi.

Likita Sahura ba ta ce sannu ba,
ba ta yamutsa fuska ba.
Ta ce, ɗora haɓarka nan, Mutari. Rufe ido.
Kada ka yi murmushi, yana ɓata lissafi.
Wa ya ce mata ina da shi?

Gaba. Dama. Hagu.
Sai ta kashe fitila, ta kunna wata mai shuɗin haske.

Na ga kaina a allon kwamfuta
kamar Maradi da dare in an hango ta daga tudu:
ɗigo-ɗigon ja, nan unguwa, can unguwa,
kumatun hagu ya fi cika, kamar ranar kasuwa.
Ta bi su ɗaya ɗaya, na'ura na tayawa.
Arba'in da bakwai.
Na yi shiru.
Abin da nake kira masifa
ashe yana da adadi,
kuma abin da ke da adadi ana iya rage shi.

Wata ɗaya: hamsin da biyu.
Na ce a bar shi, kuɗin farmasi ba daga rijiya nake ɗebowa ba.
Ta jera hoton jiya da na yau kafaɗa da kafaɗa.
Dubi manyan, in ji ta, masu ruwan nan na gefen muƙamuƙi.
Tara ne da. Yanzu nawa?
Na ƙirga da kaina.
Huɗu.

Wata na biyu ban ga komai ba.
Mai kwana da gero ba ya ganin tsawonsa.
Hoton ya ce talatin da ɗaya.
Ban yarda ba sai da ta nuna mini tawadar Allah ta ƙarƙashin idona,
wuri ɗaya, haske ɗaya, kujera ɗaya,
ni ne dai.

Ranar cikon wata huɗu Baba ya ce zai raka ni.
Ya zauna a bayana bisa babur, yana warin bagaruwa.
A ɗakin likita ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allo,
ya daɗe, yadda yake daɗewa kan fata mai tsada.
Waɗannan ramukan fa?
Tabo ne, Baba, in ji ta. Wasu za su dushe. Wasu sun zauna.
Ya gyaɗa kai.
Ya ce, wannan injin naki ya iya aiki,
amma ni da rana muka riga shi.

Goma sha ɗaya.

Hoton ƙarshen sau uku ana ɗauka.
Mutari, in ji ta, don Allah riƙe bakinka,
kana ɓata mini lissafi.